Roma–Lido: jirgin ƙasan da ke kai mutanen Roma bakin teku

Roma–Lido layin dogo ne mai tsawon kilomita 28 da ƴan kai, wanda ya haɗa birnin Roma na ƙasar Italiya da unguwar Ostia da ke gaɓar teku. Yana tashi daga tashar Porta San Paolo, daf da tashar Piramide ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ƙare a tashar Cristoforo Colombo. Tafiyar takan ci minti 40 ko ƙasa da haka, in babu matsala a hanya.

An buɗe layin ranar 10 ga watan Agusta na 1924, a gaban Benito Mussolini, shugaban gwamnatin wancan zamani, mai burin ganin Roma ta faɗaɗa har ta taɓa teku. Da farko kan jirgi mai gawayi ne ke jan taragun, kafin a koma lantarki a 1925. Yaƙin duniya na biyu ya yi wa layin mummunar ɓarna, aka gyara shi bayan yaƙin, sannan aka yi ta ƙara masa tsawo har ya kai iyakarsa ta yanzu a 1960.

Don masu zuwa shan iska aka fi gina shi, amma yau ma'aikata da ɗalibai ne suka fi dogara da shi. Gidajen haya sun yi tsada a tsakiyar Roma, jama'a suka koma Acilia da Ostia da kewayensu, kullum su yi sammako su shigo gari, su koma da dare. A lokacin zafi kuwa sai masu wanka a teku su ƙara cunkoson. Masu yawon buɗe ido na sauka a Ostia Antica, inda kufan tsohuwar tashar jiragen ruwa ta daular Roma yake.

Kuɗin shiga bai da yawa. Tikitin bas ɗin cikin gari shi ne na jirgin, an daɗe ana sayar da shi yuro ɗaya da rabi, wato kusan jika guda ta kuɗin sefa.

Sai dai arha ba ta hana kuka ba. Shekaru da dama ƙungiyar kare muhalli ta Legambiente tana sanya layin cikin mafi muni a Italiya, saboda tsofaffin jirage masu yawan lalacewa da doguwar jira a tasha. Ga wanda albashinsa ya rataya kan isa wurin aiki a kan lokaci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A watan Yuli na 2022 layin ya fita daga hannun ATAC, kamfanin sufuri na birnin Roma. Cotral ya karɓi tafiyar da jiragen, Astral kuma kula da dogo da tashoshi, dukansu mallakar jihar Lazio. An kuma raɗa masa sabon suna, Metromare.