Tsibiran Yauri: Yadda ake zagaya su a jirgin ruwa da abin da ke kwance a ƙarƙashin tafkin

A daidai garin Yelwa, mazaunin Sarkin Yauri a kudancin jihar Kebbi, Kogin Kwara yakan rabu rassa-rassa, ya kewaye tuddai, ya sake haɗewa, sannan ya buɗe ya zama Tafkin Kainji. Duk tudun da ruwa ya kewaye haka, gungu ake ce masa, kuma daga wannan kalma ce Hausawa suka raɗa wa mazauna tsibiran suna Gungawa. Su kuwa suna kiran kansu Reshe, harshensu kuma Tsureshe. Har a taswirar siyasa sunan ya zauna, domin ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Yauri sunanta Gungun Sarki.

Mai son ya yini yana zagaya waɗannan tsibirai, daga wannan gungu zuwa wancan, zai iya. Sai dai jirgin da zai shiga ba na 'yan yawon buɗe ido ba ne. Na masu fito ne, wanda ke ɗaukar 'yan kasuwa da buhunan albasa da babura da marasa lafiya, kuma duk haɗarin da ke kansu yana kansa.

A wasu ƙasashe irin wannan tafiya sana'a ce mai zaman kanta. A gaɓar tekun Pang Nga da ke kudancin ƙasar Tailan, wadda aka mayar gandun shaƙatawa na ƙasa a 1981, akwai tsibirai kusan 40 na farar ƙasa da suka miƙe tsaye cikin teku. Babban jirgi kan ɗebi baƙi da safe daga tsibirin Puket, ya tsaya a bakin kowane dutse, a sauke ƙananan kwale-kwale a kutsa da su cikin kogunan da ruwa ya rarake. Ana shiga ne kawai idan cikowar teku ta yi daidai, don in ruwan ya cika bakin kogon yakan toshe, in ya janye sosai kuma sai taɓo. Wani fim na James Bond da aka ɗauka a wurin, wanda ya fito a 1974, shi ya tallata yankin ga duniya. Yauri ba ta da teku, balle kogon teku. Abin da take da shi shi ne 'yan siraran hanyoyin ruwa tsakanin tsibirai da ciyawar burugu, inda jirgi mai inji ba ya shiga sai kwale-kwale da gora. Amma sharaɗin ɗaya ne a wuraren biyu: tsayin ruwa ne ke faɗin inda za a bi da lokacin da za a bi.

Tsibiran da suka taɓa riƙe sarauta

Yauri tana cikin ƙasashen da tarihin Hausa ya kira Banza Bakwai, kuma masarautar a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi 3: Yauri da Ngaski da Shanga. Tsohuwar fadarta Birnin Yauri ce. A ƙarni na 19, lokacin da rikicin gadon sarauta ya haɗu da matsin lambar Kwantagora, tsibiran ne suka zama mafaka, har fadar kanta ta koma tsibirin Ikum. Sai a 1888, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi, aka dawo da ita gaɓa aka kafa ta a Yelwa. Sarki na yanzu, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, yana kan gadon tun 1999.

Turawan farko da suka biyo kogin ma ta nan suka ratsa. Mungo Park ya wuce Yauri a jirginsa, ya je ya halaka a duwatsun ruwa na Busa a farkon 1806. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka taso daga Busa a kwale-kwale suka zo Yauri neman takardun da ya bari, suka yi makonni a garin, daga baya suka gangara da kogin har teku.

Gungawa manoma ne kafin komai. Sun shahara da noman rani a bakin ruwa, musamman albasa, wadda har yau ake lodinta daga Yauri zuwa kudancin ƙasar. Kamun kifi na sana'a ya fi ƙarfi a hannun Sarkawa, waɗanda suka gangaro daga ƙasar Kabi suka kakkafa tungaye a gaɓa. Tare da su akwai Shangawa da Kambari da Lopawa da Hausawa. A kowace mashiga ta kirki akwai sarkin ruwa, kuma baƙon da ke da hankali shi yake fara nema kafin ya sa ƙafa a jirgi.

Abin da 1968 ta yi

Ba a fahimtar wannan ruwa sai an koma ga madatsar Kainji. An fara gina ta a 1964, aka kammala a 1968, Janar Yakubu Gowon ya ƙaddamar da ita a watan Fabrairun 1969. Ruwan da ta tare ya koma baya ya zama tafki mai tsawon kilomita kusan 135 da faɗin ƙasa fiye da murabba'in kilomita 1,200, wanda kansa na arewa ya kai har Yelwa. An tayar da mutum kimanin 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200. Tsohuwar Busa ta nutse tare da duwatsun da suka ci Mungo Park, aka gina Sabuwar Busa a madadinta. Gungawa da yawa sun rasa tsibiransu da gonakin albasarsu, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka a kan tudu.

Babban tsibirin Foge, wanda mutanen yankin ke kira Hoge, yawancinsa ya tafi ƙarƙashin ruwa. Abin da ya saura na tuddansa shi ne 'yan tsibiran da a 2008 aka sanya cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsayen ruwa da ke sauka suna ƙyanƙyasa a can. Ga mai sha'awar kallon tsuntsaye, nan ne ƙarshen tafiya. Nan ne kuma tafkin ya fi faɗi, sama da kilomita 20 daga gaɓa zuwa gaɓa, inda iska ke samun filin tayar da igiyar ruwa irin wadda ba a gani a kogi.

Akwai wani abu da tafkin ya haɗiye bai narkar ba. Ba a sare dukkan itatuwan yankin ba kafin a sako ruwa, saboda haka daji guda ya nutse a tsaye. Itacen da ke cikin ruwa ba ya saurin ruɓewa. Shekara fiye da 50 ke nan, kututturan suna nan, wasu a fili, wasu taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwa. Masunta suna son su don kifi yana taruwa a jikinsu, ko da yake suna yaga musu koma. Ga jirgin katako mai inji da ya ɗauko kaya yana gudu kuwa, kututture guda ya isa ya tsaga shi. Matuƙin da ya tashi a ruwan ya san layin da tsohon kogin ya bi, kuma a kansa yake tafiya. Wannan sani ba ya rubuce a allo ko alama, a ƙwaƙwalwar matuƙa yake.

Farin ruwa da baƙin ruwa

Kwara a wannan yanki cika biyu take yi a shekara. Ta farko ita ce farin ruwa, wanda ruwan saman daminar nan gida da na rafukan da ke kwarara cikin kogin ke kawowa daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Yana zuwa da laka, shi ya sa ya yi fari, yana kuma zuwa da ƙarfi, ɗauke da itace da kainuwa. Ta biyu ita ce baƙin ruwa. Wannan ruwan sama ne da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, sannan ya iso nan garau a tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu.

Tsakanin waɗannan cika biyu da ruwan da ake saki don samar da lantarki, fuskar tafkin takan hau ta sauka da kusan mita 10 a shekara. Ma'anar wannan ga matafiyi ita ce taswirar tsibiran ba ta tsaya wuri ɗaya. Hanyar da jirgi ya bi a Janairu tana iya zama gona a Yuni. Tsibirin da aka taka da ƙafa daga gaɓa a bazara, sai da kwale-kwale a kaka.

Lokacin baƙin ruwa ya fi dacewa da zagaye: ruwa ya cika, ya kwanta, babu hadari. Aibinsa hazo, wanda wani lokaci yakan rufe gaɓa har matuƙi ya rasa alamar da yake bi. Mafi muni shi ne farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da ruwa ke ja da baya, kututture na matsowa sama, guguwa kuma na tasowa da la'asar ba sallama. Akwai kuma dorina, wadda manoman shinkafa na Yauri suka daɗe suna kuka da ɓarnarta, kuma ba ta ƙaunar kwale-kwale ya ratsa tsakaninta da ɗanta.

A lokacin sanyin ne masarauta da gwamnatin jiha ke shirya bikin Rigata a bakin ruwan Yelwa. Sunan an aro shi ne daga kalmar Turanci ta tseren jiragen ruwa, amma mutanen Yauri suna danganta asalin bikin da farautar dorina da nuna bajintar mayaƙan ruwa na Gungawa. Ana tseren kwale-kwale da ninƙaya da nutso. Shi ne lokaci guda a shekara da baƙi ke cika garin don ruwan kansa.

Lissafin rayuka

Ranar Laraba 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zai je Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski. Yana ɗauke da mutum fiye da 150, akasarinsu mata da yara da 'yan ci-rani. A tsakiyar ruwa ya rabe biyu. Kusan mutum 20 kaɗai aka ceto da rai, aka yi kwanaki ana tsamo gawarwaki har suka haura 70. Jami'an Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, sun ce jirgin tsoho ne kuma an yi masa lodin da ya wuce ƙarfinsa.

Ba a daɗe ba aka sake. A farkon Oktoban 2023 wani jirgi da ya ɗauko 'yan kasuwa daga yankin Agwara na jihar Neja zuwa Yauri ya kife, mutane da dama suka ɓace. A farkon Satumban 2025 wani da ya taso daga Tungan Sule a gundumar Malale, cike da masu zuwa ta'aziyya, ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa, gommai suka rasu.

Tailan ma ba ta tsira ba. A Yulin 2018 jirgin 'yan yawon buɗe ido mai suna Phoenix ya kife a kusa da Puket cikin guguwa, mutum 47 'yan ƙasar Sin suka mutu. Bambancin shi ne a can an san adadin, domin akwai sunan kowa a rubuce kafin jirgi ya tashi. A Wara, har aka gama aikin ceto alƙaluman hukumomi ba su daidaita ba kan yawan waɗanda suka shiga jirgin.

Doka dai akwai ta. NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, tana da ofishin yanki a Yelwa. Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun wajabta sanya rigar kariya ga kowane fasinja, sun hana lodi fiye da kima, sun kuma hana tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna, ta rarraba rigunan kariya ta kuma yi aikin cire kututture a wasu hanyoyin. Amma tafki mai tungaye barkatai a jihohi biyu ya fi ƙarfin 'yan jami'an da ke tsaye a manyan mashigai. Shi kuma mai jirgi lissafinsa a bayyane yake: man da zai ƙona ɗaya ne ko da mutum 40 ko da 100, saboda haka duk wanda ya ƙaru riba ce. Fasinja ma ba ya son a bar shi, don bai san lokacin da wani jirgin zai zo ba.

Dalilin da ya sa mutane ba sa fasa shiga shi ne babu wata hanya. Tsakanin Zamare a ɓangaren Yauri da Rofiya a ɓangaren Agwara fito ake yi, babu gada, kuma kewayawa ta mota tafiya ce ta sa'o'i masu yawa. Rashin tsaro ya ƙara tura jama'a ruwa. A ranar 17 ga Yunin 2021, makonni uku bayan haɗarin Wara, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Gandun Dajin Tafkin Kainji kuma, wanda a da shi ne abin da ke jawo baƙi zuwa yankin, masu ɗauke da makamai sun samu maɓoya a cikinsa. Ga mazauna gaɓa da yawa, ruwa da kututturansa ya fi hanyar daji kwanciyar hankali.

Saboda haka wanda ya ƙudurta zagayen yini guda, shawarar da ta fi ita ce ya ɗauki shatar jirgi maimakon shiga na kasuwa, ya nemi matuƙi ɗan gari ta hannun sarkin ruwa, ya zo da rigar kariyarsa don ba kowane jirgi ke da ita ba, ya kuma tambayi halin tsaron gaɓar da zai sauka a ranar da zai tafi. Tsibiran da ke kusa da Yelwa da na wajen Gebbe a Shanga suna cikin kogi ne, gaɓa na kusa. Zuwa Hoge kuwa ketare buɗaɗɗen tafki ne, kuma ya fi sauƙi daga ɓangaren Wara. A tashi da sassafe, lokacin da ruwa yake kwance, a juyo kafin la'asar. Jiragen kasuwa sukan jira sai ciniki ya watse kafin su yi lodi, kuma sau da yawa ƙarfe 6 takan same su a tsakiyar ruwa.