IBRO: MA'AIKACIN GIDAN YARI DA BARKWANCI YA MAYAR FURSUNA



Da wuya a yi mako guda ba a turo wani guntun bidiyon Ibro a zaurukanmu na WhatsApp ba. Yaran da ba su taɓa ganin kaset ɗin bidiyo ba sun san muryarsa da yadda yake zare ido. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan barkwanci ya taɓa kai mai shi kurkuku.

An haifi Rabilu Musa a 1971 a garin Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa ta Jihar Kano. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, daga nan ya shiga aikin gidan yari, inda ya yi wasu shekaru kafin ya ajiye kaki ya rungumi fim gaba ɗaya.

Ba shi ya ƙirƙiro raha a ƙasar Hausa ba. Tun da can akwai wawan sarki, akwai 'yan kama da 'yan gambara, akwai wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi ko Fulani da Barebari. A talabijin kuma an yi su Samanja da Ƙasimu Yero. Abin da Ibro ya yi shi ne ya ɗauko raha ya zuba ta a kaset mai araha, irin finafinan da ake kira camama, tare da su Kulu, Tsigai da Ɗan Gwari. A lokacin da finafinan soyayya da rawa irin na Indiya suka cika kasuwa, shi ƙauye ya koma: ɗan tauri, mai kayan miya, malamin tsibbu na bogi, baƙauyen da ya shigo birni. Talaka ya ga kansa, ya saya.

Rigima ta fara ne da ya taɓo manyan al'amura. A 2002, duniya na tsakiyar zancen harin 11 ga Satumba, aka fitar da Ibro Usama, inda ya fito a matsayin Usama bin Laden. Wasu malamai da masu kallo sun fusata, suna ganin ba abin wasa ba ne. Duk da haka Ibro Saddam ya biyo baya.

Babbar guguwar ta zo a 2007. Bayan fitar wani bidiyon badala na wata 'yar fim, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Kano, hukumar da aka kafa tun 2001. Aka dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni, kotun tafi-da-gidanka ta shiga kama 'yan fim. A wannan shekara aka ɗaure Adam A. Zango a kan faifansa na Bahaushiya. A 2008 abin ya iso kan Ibro: aka yanke masa ɗaurin wata 2, bisa zargin rawar da ba ta dace ba a fim ɗin Ibro Aloko da gudanar da kamfani ba rajista. Mutane da yawa a Kano sun yi imanin cewa ainihin laifinsa shi ne waƙar Mamar, wadda aka ɗauka shaguɓe ce ga masu mulki. Haka tsohon gandiroba ya kwana a bayan ƙofar da ya saba kullewa. A ƙarshen shekarar aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama shi ma.

Ibro ya fito ya ci gaba da sana'arsa har Allah Ya karɓi ransa a ranar 10 ga Disamba, 2014, bayan fama da jinya.

Labarin bai tsaya a kansa ba. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan Gwamna Abdullahi Ganduje. Kaset ya koma waya, amma abin lura ɗaya ne: hukunci ya fi sauri idan rahar ta taɓa mai mulki.

Akwai ɗaya ɓangaren da kotu ba ta taɓa zama a kansa ba. Yawancin dariyar camama a kan talaka aka yi ta: kurma, mai in'ina, baƙauye, da wanda Hausarsa ba ta nuna ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kurudu ƙasar Gbagyi ce, su suka karɓe mu, da su muke kasuwa, 'ya'yanmu aji ɗaya suke zama. Kwaikwayon Hausar Bagware da ke sa mu dariya a waya, maƙwabcinmu na iya jin sa a matsayin raini. Wasan ƙabilu na gargajiya yana da sharaɗi: kowane ɓangare na da damar ramawa, kuma ido da ido ake yi. Bidiyon da aka tura wa mutum 200 ba shi da wannan sharaɗi.

Don haka kafin mu danna turawa, mu duba wa ake yi wa dariyar, kuma ko zai iya ramawa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, a waya kuwa ta fi haka saurin fita.

Allah Ya jiƙan Rabilu Musa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa dariyar da ya ba masu damuwa ta zame masa sanadin rahama. Amin.

Sakataren ƙungiya