Aƙidar Cigaba a Fannin Ilimi

Aƙidar cigaba mazhaba ce a falsafar ilimi wadda ta ɗora koyo a kan gogewar ɗalibi. A wurin masu riƙo da ita, yaro yakan fahimci abu ne idan ya sa hannu a cikinsa, ya gwada, ya ga sakamako, sannan ya gyara. Ta bunƙasa a Amurka daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar ƙarni na 20, amma saiwarta tana Turai. A shekarar 1762 Jean-Jacques Rousseau ya yi kira da a bi ɗabi'ar yaro wajen tarbiyyarsa. Johann Pestalozzi a Suwizalan da Friedrich Froebel a Jamus suka mayar da wannan ra'ayi aiki, na farko ta hanyar koyarwa da abubuwan da ake gani a taɓa, na biyu ta hanyar makarantar renon yara inda wasa yake cikin darasi.

A Amurka, Francis Parker ne ya fara sauya tsarin makarantun garin Quincy a 1875, ya rage hadda, ya ƙarfafa lura da tattaunawa. Sai dai wanda ya gina wa aƙidar ginshiƙi na falsafa shi ne John Dewey, wanda aka haifa a Burlington ta jihar Vermont a 1859, ya rasu a 1952. A 1896 ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago da ɗalibai 16. A can yara suna girki, da saƙa, da aikin kafinta, da noman lambu, kuma daga waɗannan sana'o'i ake fitar musu da lissafi, kimiyya da tarihi. Awon gari ya zama darasin lissafi, sarrafa auduga kuma ya zama ƙofar tarihin masaƙu. A littafinsa na 1916 kan dimokuraɗiyya da ilimi, Dewey ya bayyana makaranta a matsayin ƙaramar al'umma inda ake koyon zama tare da yanke shawara tare.

Malamin da ya ɗauki wannan aƙida a matsayin falsafarsa ta koyarwa yakan ɗauki kansa jagora. Yana fara darasi da matsala ta gaske wadda ta shafi rayuwar ɗalibai, ya bar su su kawo hasashe, su tattara bayanai, su gwada mafita, su tantance abin da ya fito. Yana fifita aikin rukuni, yana haɗa darussa daban-daban a kan batu ɗaya, yana kuma auna ɗalibi da abin da ya iya aikatawa tare da abin da ya rubuta a jarrabawa. William Kilpatrick na Jami'ar Columbia ya tsara wannan hanya a 1918, inda ya sanya aiki mai manufa, wanda ɗalibai suka zaɓa da zuciya ɗaya, ya zama cibiyar karatu.

An kafa Ƙungiyar Ilimin Cigaba a Amurka a 1919, kuma ita ta ɗauki nauyin binciken shekara takwas da ya shafi makarantun sakandare 30 a shekarun 1930. An kwatanta ɗalibai 1,475 da suka fito daga waɗannan makarantu da takwarorinsu na makarantun gargajiya, aka tarar sun ɗan fi su maki a jami'a. Aƙidar ta ketare iyakar Amurka: Dewey ya yi laccoci a ƙasar Sin daga 1919 zuwa 1921, ya kuma rubuta wa gwamnatin Turkiyya rahoto kan makarantunta a 1924. A Ingila, rahoton Plowden na 1967 ya goyi bayan koyarwar da ta sa yaro a gaba a makarantun firamare. A Najeriya, ra'ayoyin Dewey suna cikin abin da ake karantar da ɗaliban kwalejojin ilimi a darasin falsafar ilimi.

Aƙidar ta sha suka. Masu adawa da ita sun ce tana raunana horo da zurfin sani, kuma wannan suka ya ƙara ƙarfi bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a 1957, shekara biyu bayan rushewar Ƙungiyar Ilimin Cigaba a 1955. Dewey da kansa ya riga ya gargaɗi mabiyansa a littafinsa na 1938 cewa ba kowace gogewa ke ilimantarwa ba, kuma sakin yara ba tare da tsari ba sakaci ne. Aiwatar da ita yana buƙatar malami mai cikakken horo, aji mai matsakaicin yawa, da kayan aiki, abubuwan da sukan yi ƙaranci a makarantu masu cunkoso.

Duk da haka, tasirinta ya zauna daram. Ɗakin gwaje-gwaje, ziyarar ilimi, lambun makaranta da aikin rukuni duk sun samu gindin zama da taimakonta. Babban gadon da ta bari shi ne mizanin auna malami da abin da ɗalibinsa ya iya tunani a kai kuma ya aikata da kansa.