Amfetamin a Hannun Likitoci: Tarihin Magani da Tasirinsa ga Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1887 aka fara haɗa sinadarin amfetamin a Jamus, amma sai a farkon shekarun 1930 kamfanin Smith, Kline & French na Amurka ya fito da shi kasuwa da sunan Benzedrine, abin shaƙa mai buɗe toshewar hanci. Alaƙarsa da ƙwaƙwalwar yara ta bayyana ne a 1937, lokacin da likita Charles Bradley ya ba wa yara 30 masu matsalar ɗabi'a maganin a wani asibiti da ke jihar Rhode Island, ya kuma lura cewa waɗanda a da ba sa iya zama wuri ɗaya sun natsu a kan darasi. Daga nan aka ɗora harsashin jinyar larurar da ake kira ADHD, wato rashin natsuwa da kasa mayar da hankali, wadda daga baya maganin Ritalin ya shahara a kanta.

Irin waɗannan magunguna suna ƙara yawan dofamin, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙon himma da jin daɗi da shi, kuma ta nan ne amfaninsu da haɗarinsu suke fitowa. A 1958 likita Philip Connell ya nuna a Landan cewa yawan shan amfetamin kan haifar da taɓin hankali, wanda galibi kan lafa cikin kwanaki idan aka daina, sannan a 1971 Amurka ta tsananta dokar rubuta shi.

Abin takaici shi ne, binciken tasirinsa na dogon lokaci ya zo a makare. Babban nazarin MTA, wanda aka fara buga sakamakonsa a 1999 a kan yara 579 masu ADHD, ya tabbatar da amfanin magani a watanni 14 na farko, amma bibiyar da aka yi daga baya ta nuna fifikon ya dusashe, kuma tsawon yaran da suka daɗe suna sha ya ɗan tauye. Game da farfaɗowar ƙwaƙwalwa bayan daina sha kuwa, mai bincike Nora Volkow ta nuna a 2001, ta hanyar hoton ƙwaƙwalwa, cewa kafofin jigilar dofamin sun murmure sosai bayan kimanin shekara guda da barin metamfetamin, ɗan'uwan amfetamin, ko da yake ƙarfin tuna abubuwa bai dawo da wannan saurin ba. Sai dai waɗanda ta yi binciken a kansu 'yan ƙwaya ne masu sha fiye da ƙima, don haka kuskure ne a auna mai shan magani bisa umarnin likita da ma'auninsu.