Littafi ko lakwal: tsohuwar gardamar Kiristocin ƙasar Maraɗi

Duk mai sauraron rediyo ya sha jin labarin majami'un Amurka da Ingila da ke darewa gida biyu, wasu na cewa a riƙe abin da aka gada, wasu na cewa a tafi da zamani. A can, rigimar yau ta fi karkata ga auren jinsi da naɗa mata shugabancin ikilisiya. Kiristocin jahar Maraɗi ma sun daɗe suna tasu gardamar, sai dai tasu a kan yara ta taso: wane karatu za a ba su, da wane harshe, don su zama me? A ƙidayar 2012 Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, shi ya sa da yawanmu a Tasawa da Mayahi ba mu san wannan tarihi ba. Amma malami ko mahaifin da ya bi shi a hankali zai ga ba baƙon zance ba ne.

Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924. Kafin ƙarshen shekarun 1920 ta zauna a Tsibirin Gobir, daga baya ta buɗe tasha a Maraɗi. Akasarin ma'aikatanta masu jin Ingilishi ne daga Amurka da Kanada da Ingila, kuma sun baro gida ana tsakiyar rikici. A Amurka ta wancan lokaci, wani ɓangare na Furotesta na ganin aikin addini shi ne gyara zaman jama'a da makarantu da asibitoci. Ɗaya ɓangaren na ganin wannan hanya ce ta mantawa da ceton rai. Har kotu aka je a jihar Tenesi a 1925, a kan wani malamin makaranta da aka tuhuma da koyar da cewa ɗan Adam ya samo asali daga wasu halittu. 'Yan SIM na ɓangare na biyu ne. Wa'azi ne gaba, duk wani aiki yana biye.

Wannan aƙida ce ta tsara irin karatun da suka bayar. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, don haka abin da suke so shi ne sabon mai bi ya iya karanta shi da harshensa, ya koma ƙauyensu ya yi noma yana wa'azi. Lakwal ta Faransawa kuwa, wadda ba ruwanta da addini, suna yi mata kallon ƙofar birni da girman kai da barin imani. Ga kuma dokar mulkin mallaka ta 1922 da ta ce duk makarantar da ke son amincewar hukuma sai ta koyar da Faransanci, harshen da yawancin 'yan mishan ba su ƙware a kai ba.

Iyaye Kiristoci na farko ba su ga abin haka ba. Sun lura cewa aikin ofis da na likita da na koyarwa yana hannun waɗanda suka fito lakwal, da baƙi 'yan Dahome da Togo da suka yi makarantun Katolika. Ɗansu ya iya karatu tsaf, amma ba shi da takardar da gwamnati ta sani. Mutumin da ya riga ya rasa gādo ko aure a danginsa saboda sauya addini, in ɗansa ma ya rasa aiki, ina zai sa kansa? Suka yi ta matsa wa mishan lamba. A ƙarshe aka samu makarantar firamare ta Faransanci a Tsibiri, amma ta zo a makare, kuma ba ta wadatar ba.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, majami'un da mishan ta haifa suka haɗu a ƙarƙashin sunan EERN. A cikinta akwai mutane iri biyu. Ga fastocin karkara da suka yi karatun Littafi da Hausa, irin na makarantar Agye da ke maƙwabtaka da Tasawa. Ga kuma ma'aikatan gwamnati masu Faransanci a Maraɗi da Yamai, masu son ikilisiya ta tsaya da ƙafarta, ta nemi abokan hulɗa a waje, ta yi ayyukan raya ƙasa. Wajen 1990 saɓani kan shugabanci da dukiya da alaƙa da mishan ya tsaga ta, sabbin ƙungiyoyi suka fito daga cikinta, ciki har da UEEPN.

Ita kanta mishan ba ta tsaya inda take ba. Ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da gidan jinyar kutare a Danja, da makarantar noma a Maza Tsaye. Yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984 suka ƙara nuna cewa mai jin yunwa ba ya sauraron dogon bayani. A 1974 babban taron masu bishara na duniya a Lozan ta ƙasar Suwis ya yarda cewa kula da halin jama'a yana cikin nauyin mai bi. Daga 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoma su daina tumɓuke kututture, su bar tohon ya girma. Shi ne sassaben zamani. Yau gawo da kalgo da sabara da ke tsaye a gonakin Agye da Tasawa da Mayahi, waɗanda kusan duk na Musulmi ne, suna da alaƙa da aikin da a da ake gani kamar shagala ne daga wa'azi.

Sai kuma aka sake juyi. Bayan babban taron ƙasa na 1991 an samu 'yancin kafa ƙungiyoyi, majami'un Fentikos suka yawaita da kiɗa da addu'ar warkarwa da wa'azin rediyo, matasa suka bi su. Waɗanda jiya ake kira masu son zamani suka zama su ne dattawa masu cewa a bi a sannu, a kiyaye zaman maƙwabtaka da aka daɗe ana ginawa. A watan Nuwamba na 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA, aka kai wa majami'ar Vie Abondante hari a Maraɗi. Abin ya girgiza tsofaffi da sabbi baki ɗaya.

Iyaye Musulmi sun san irin wannan fargaba. Kakanninmu sun ɓoye 'ya'ya a rumbu don kada a rubuta su lakwal, kuma madarasar Sayi da aka buɗe a 1957 ƙoƙari ne na haɗa karatun biyu. Tsoron 'yan mishan ba na banza ba ne, don ilimin da ba tarbiyya yana raba yaro da gidansu. Kukan iyayen Tsibiri ma gaskiya ne, don yaron da aka hana takarda an ɗaure masa hannu. Abin da tarihin ya nuna shi ne, jinkirin yanke shawara a kan yara ya faɗa, ba a kan masu gardamar ba. Yarinyar Mayahi da za a rubuta ko a bari a gida bana, shekarunta ba za su jira manya su gama muhawara ba.