Ciwon Farin Hanci da Dokar Rufe Kogwanni a Amurka

A watan Fabrairun 2006 wani mai sha'awar shiga kogo ya ɗauki hoton jemagu a kogon Howes, kusa da birnin Albany a jihar New York. Hancinsu fari fat, sai ka ce an barbaɗa musu gari. Ba a gane nauyin hoton ba sai da hunturu ya zagayo, aka fara tarar da gawarwakin jemagu jibge a kogwannin yankin. Zuwa 2012 Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji ta Amurka ta ƙiyasta cewa jemagu miliyan 5.7 zuwa 6.7 sun salwanta.

Mai wannan aika-aika wata fumfuna ce mai son sanyi, wadda masana suka raɗa wa suna Pseudogymnoascus destructans. Jemagun Turai sun daɗe suna zaune da ita ba ta yi musu irin wannan kisa ba. Na Amurka kuwa baƙuwa ce a wurinsu. Jemagen da ke cin ƙwari a ƙasar sanyi yakan tara kitse kafin hunturu, ya rataye a kogo, zafin jikinsa ya sauka, ya yi ta barci wata da watanni. A nan fumfunar ke samun dama, ta ci fatar fukafukai, ta riƙa tayar da shi akai-akai. Kowane farkawa da kitse ake biyansa. Kafin sanyi ya wuce guzuri ya ƙare, sai a ga jemage yana shawagi da rana tsaka a kan dusar ƙanƙara, yana neman ƙwarin da babu su. Ga shi kuma mace ɗa guda take haifa a shekara, saboda haka giɓin da aka yi a hunturu ɗaya ba ya cikuwa da wuri.

Hukumomi ba su yi wata-wata ba. A 2009 Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji ta roƙi jama'a su dakatar da shiga kogwanni a jihohin da cutar ta ɓulla, Hukumar Gandun Daji kuma ta rufe dubban kogwanni da tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai a gabashi da kudancin ƙasar. Hujjarsu tana da ƙarfi: fumfunar na jure zama a ƙasar kogo ko babu jemage, tana kuma maƙalewa a takalmi da igiya da tufafi. Ana kyautata zaton ma ta hannun mutum ta tsallako teku. A 2016 an gan ta kwatsam a jihar Washington, kimanin kilomita 2,000 daga wuri mafi kusa da aka san tana nan, tazarar da ta fi ƙarfin fiffiken ƙaramin jemage.

Duk da haka, rufewar kuɗin goro ba ta tsayar da cutar ba. Jemagu ne manyan masu yaɗa ta a tsakaninsu, domin a cunkushe suke barci, kuma suna sauya kogo ba tare da neman izinin kowa ba. Ta shiga Kanada a 2010, ta ci gaba da nausawa yamma shekara bayan shekara, har cikin kogwannin da aka garƙame. Wani nazari da ya fito a 2021 ya nuna ta kashe sama da kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in jemagu uku cikin ƙasa da shekara goma.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafa ta ba. Mambobin ƙungiyar masu binciken kogo ta ƙasar, wadda ta soki rufewar bai ɗaya, su ne ke zana taswirar kogwanni, suna taya ƙidayar jemagu, suna kai rahoton abin da suka gani. Kada a manta, irinsu ne ya ɗauki hoton farko. Doka kan hana mai bin doka ne kawai. Ɗan ganin dama da ke shiga da fenti da barasa bai san da zamanta ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne a bambanta kogo da kogo, lokaci da lokaci. Inda jemagu ke barcin hunturu a rufe shi a watannin sanyi, domin ko babu cuta, hasken tocila da hayaniya na tayar da su. A sa ƙofar sandunan ƙarfe a kwance, wadda jemage ke ratsawa mutum bai iya ba. A wajabta tsoma kayan aiki a ruwan zafi mai digiri 55, a kuma haramta ɗaukar kayan da suka shiga yankin cuta zuwa yankin da ba ta kai ba. A kogon Mammoth na jihar Kentucky ba a kori maziyarta ba, tabarmar tsabtace takalmi ake sa su takawa idan sun fito. Reshen Hukumar Gandun Daji na yankin tsaunukan Rocky, da ya rufe kogwanninsa a 2010, shi ma ya koma tsarin rajista da tsabtace kaya a 2013.

Batun ya wuce tausayin dabba. Masanin tattalin arziki Eyal Frank ya wallafa bincike a mujallar Science a 2024, inda ya gano cewa a gundumomin da cutar ta shiga ta rage jemagu masu cin ƙwari, manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kimanin kashi 31 cikin ɗari, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8. Kuɗin da hukumomi ke kashewa wajen gadin kogon da babu jemage a cikinsa, gara su zuba shi a ƙofofin ƙarfe da ƙidayar hunturu da binciken magani.