Wasan ɗan talaka da ya koma kayan tarihi

Ƴan uwa ɗalibai, a lakwal an koya mana tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe da yarjejeniyoyi, amma ba a cika koya mana tarihin ƙananan abubuwan da ke shiga aljihu ba. To ni yau a kan irin su zan yi magana, wato ƴan na'urorin wasan nan na roba masu ƙaramin gilashi, masu cin duwatsun tocila, waɗanda aka ƙera da sunan manyan wasannin da ake jonawa da tele. A da kayan yara ne, a yi wasa da su a jefar. Yanzu akwai manya masu gemu a Amurka da Japan da Turai da ke farautarsu kamar zinariya. Yaya aka yi haka?

Sai mu fara daga tushe. A 1976 kamfanin Mattel na Amurka ya fitar da Auto Race, wani ɗan wasan tseren mota na hannu, a 1977 kuma ya biyo da Football. Babu hoto a cikinsu ko ɗaya, ƴan jajayen fitilu ne kawai ke motsi, kai ne za ka raya a ranka cewa wannan ɗigon mota ce, wancan kuma ɗan wasa ne. Duk da haka yara suka yi rububinsu, masu sana'a kuwa suka gane akwai kasuwa a nan.

Wanda ya juya akalar abin shi ne wani injiniyan Nintendo mai suna Gunpei Yokoi. An ce a jirgin ƙasa ya ga wani ma'aikaci gajiya ta ishe shi yana ta danna na'urar lissafi don rage lokaci, sai tunani ya zo masa. A watan Afrilu na 1980 Nintendo ta fitar da Ball, na farko a jerin Game & Watch, wasa da agogo a haɗe. Dabarar Yokoi ita ce kada a bi sabuwar fasaha mai tsada, a ɗauki wadda ta riga ta tsufa ta yi araha a yi mata sabon aiki. Gilashin na'urar lissafi ya ɗauko, da ɗan ƙwaƙwalwar lissafin kamfanin Sharp. Daga 1980 zuwa 1991 an yi wasanni kusan 60, an sayar da fiye da miliyan 43. A kan Donkey Kong na 1982, mai gilashi biyu da ake naɗewa, aka sa madannin nan mai kamar gicciye, sama, ƙasa, hagu, dama, wanda daga baya ya hau Famicom a 1983, har yau kuma yana kan manet ɗin da muke riƙewa a ɗakunan wasa.

Yana da kyau mu fahimci yadda gilashin ke aiki, don a nan labarin yake. Ba irin na wayoyinmu ba ne da ke iya nuna kowane hoto. An riga an zana kowane mutum-mutumi a cikin gilashin, a wuri ɗaya, ba ya gusawa. Na'urar kunna wannan take yi ta kashe wancan, sai ido ya ga kamar gudu ake. In ka sa sababbin duwatsu, na ɗan lokaci duk zanen kan bayyana gaba ɗaya, ka ga jarumi da hannu biyar da ƙafa shida. Launin da ke baya kuwa bugu ne kawai a jikin leda. Ke nan wasa ɗaya, na'ura ɗaya, ba a canza kaset.

Da manyan na'urorin tele suka cika gidaje a ƙarshen shekarun 1980, sai aka samu rata. Yaro ya ga tallar Sonic ko Double Dragon, ransa ya biya, amma uba ba shi da ƙarfi. Ko Game Boy da ta fito a 1989 dala 90 take kusan kaiwa, ban da kuɗin kaset. Kamfanin Tiger Electronics, wanda aka kafa a 1978 a jihar Ilinoi ta Amurka, shi ya fi kowa cin moriyar wannan rata. Yakan biya masu wasan kuɗin izinin suna, ya liƙa hoto mai kyau a jikin farar roba, ya zuba zanen a gilashi, ya sayar a kan dala 20 ko kusa da haka. Ta haka aka samu Sonic the Hedgehog, Street Fighter II, Mortal Kombat, Mega Man 2, Ninja Gaiden da Castlevania II na aljihu. Konami ma ta yi nata da kanta, Acclaim haka. Nintendo ita ma ba ta zauna ba: Super Mario Bros. ya fito a Game & Watch a 1986, Zelda a 1989.

Gaskiya ɗaya ce, yawancin na Tiger ba su kama ƙafar na asali ba. Ka ɗauki Street Fighter II, wasan da aka gina a kan madanni shida da dabarun haɗa su, a ce an matse shi cikin zanen da ba ya motsi da ƙarar tit-tit. Sunan ne aka saya, wasan kuwa inuwarsa ce. Amma Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi. Yaron da ba zai taɓa samun Mega Drive ba ya riƙe Sonic a hannunsa, ya je da shi makaranta, ya ba abokai aro. A ganina wannan shi ya sa tarihin waɗannan na'urori ya fi na manyan kusa da mu, domin tarihin wanda aka ba kwaikwayo ne ya yi murna da shi. Can a Tarayyar Sobiyat ma haka aka yi: a 1984 masana'antar Elektronika ta kwafi wasan Egg na Nintendo, ta sa kyarkecin wani sanannen zanen yara nasu yana tarar ƙwai, ya zama wasan da yaran ƙasar suka tashi da shi. Mu nan kuwa abin da ya fi isowa hannunmu shi ne Brick Game ɗan Sin, mai alƙawarin wasa 9999 a na'ura ɗaya, alhali wasanni kaɗan ne ake ta maimaitawa.

Ƙarshen zamanin ya zo a hankali. Game Boy ta yi araha, yara suka waye. Tiger ta gwada R-Zone a 1995 da Game.com a 1997, duka biyun ba su karɓu ba. A 1997 ɗin Yokoi ya rasu a haɗarin mota. A 1998 Hasbro ta saye Tiger a kan dala miliyan 335. Daga baya wayar salula ta zo ta rufe babin.

To me ya sa yau ake nemansu? Amsar tana cikin arahar tasu. Abu mai tsada ana adana shi, a ajiye kwalinsa da takardarsa. Abu mai araha kuwa yaro ne ke yaga ledar ranar da aka ba shi, murfin duwatsu ya ɓace, a ɗaure da kyauro, duwatsun su kwana a ciki shekara da shekaru har ruwansu ya zubo ya cinye ƙarfen. Ledar da ke kan gilashin ita ma takan ƙone da zafi, zanen ya dushe. An buga miliyoyi, amma wanda ya tsira lafiya da murfinsa da takardarsa, balle wanda ba a taɓa buɗewa ba, ya yi ƙaranci. Masu tarawa abin da suke dubawa ke nan: murfi na asali ne ko na aro, akwai tsatsa a gurbin duwatsu, duk zanen na kamawa, sautin na fita. Akwai kuma waɗanda tun farko kaɗan aka yi, kamar Super Mario Bros. mai ruwan ɗorawa na 1987, guda 10,000 kacal, wanda ba a sayar ba, kyauta aka raba wa waɗanda suka yi fice a wata gasar tseren mota ta Famicom a Japan.

Sai dai tarawa iri biyu ce, kuma nan ne nake da ra'ayi. Akwai mai saye ya kulle a kabad yana jiran farashi ya hau. Wannan ɗan kasuwa ne, ba laifi, amma roba da gilashi ba sa jiran kowa, suna mutuwa ko a cikin kwali. Akwai kuma masu aikin sa kai na shirin MAME, waɗanda ke sadaukar da na'ura guda, su narke murfin ƙwaƙwalwarta da sinadari, su ɗauki hotonta da madubin ƙara girma, su karanto shirin da ke ciki ɗigo-ɗigo, su sake zana gilashin a kwamfuta. Da aikinsu ne a 2018 rumbun Internet Archive ya buɗe wani sashe inda kowa zai iya buga irin waɗannan wasanni kyauta. Su kam sun lalata guda don dubu su amfana. Kamfanonin ma sun farga: a 2020 Hasbro ta sake buga huɗu daga cikin na Tiger, har da Sonic the Hedgehog 3, Nintendo kuma ta fitar da sabon Game & Watch don cikar Mario shekara 35.

Ban ce kowa ya bazama kasuwar Katako yana tonon tsofaffin kaya da fatan yin arziki ba, Brick Game ɗinmu ba zai sayi ko babur ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya ajiye abu shi ke ba da labarinsa. Amurkawa da Japanawa sun ajiye nasu, shi ya sa na iya kawo muku shekaru da sunaye. Mu fa? Motar gwangwani da ta kara da ƙannenmu ke ƙerawa, kaset ɗin waƙoƙin da iyayenmu suka saurara, har wannan ɗan littafin da aka buga da hotokofi, duk masu araha ne, don haka su ne za su fara ɓacewa. In kun ci karo da irin wannan na'ura a tsohuwar akwatin gida, ku fara cire duwatsun, ku goge ta, sannan ku tambayi mai ita a wace shekara ya same ta, nawa aka saya, a wace kasuwa, ku rubuta a takarda ku ajiye tare da ita.